Rage Tuwo a Shekarar Tsada

Lahadi, 14 ga Janairu, 2024

Ranar Alhamis sakamakon gwajin jinina ya fito. Awon sukari na sassafe, kafin a sa komai a baki, ya nuna 148. Na wata uku, wanda suke kira HbA1c, ya nuna 7.6. Ma'aunin likitoci a fili yake: idan na safe ya kai 126, ko na wata uku ya kai 6.5, ciwon sukari ya tabbata. Nauyina kilo 89, ƙuguna santimita 104, tsawona 162. Likita ta ce ƙugun mutum bai kamata ya haura rabin tsawonsa ba, wato nawa ya tsaya wajen 81. Da sauran tafiya.

Ta ɗora ni a kan maganin sukari mai suna metformin, safe da dare, sannan ta tambaye ni abin da nake ci daga wayewar gari zuwa kwanciya. Koko da ƙosai ko shayi da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare, lemon kwalba idan zafi ya dame ni a makarantar da nake koyarwa. Abincin kowane gida ke nan a Kano. Ta ce, "Hajiya, sukarin da kike zubawa a shayi shi ne ƙarami a wannan lissafin." Masara, dawa, gero, shinkafa, alkama, rogo, doya, dankali, duk sitaci ne, kuma da zarar sitaci ya isa hanji sai ya narke ya zama sukari ya shiga jini. Insulin ne ke kwashe shi daga jini ya kai shi tsoka da hanta. A irin ciwon da ya same ni, nau'i na biyu, insulin ɗin yana nan amma jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata, sai sukarin ya taru a jini yana cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa.

Wannan ɓarnar na gan ta da idona. Innata, Allah ya jiƙanta, sai da ganinta ya tafi kafin ta rasu, alhali tun ranar da aka ce tana da ciwon ba ta ƙara sa sukari a kunu ba. Tuwo kuwa malmala biyu take ci, don babu wanda ya taɓa ce mata can matsalar take.

Abin da muka tsayar da likita: in rage sitaci da sukari su koma ƙasa da giram 130 a rana. Akwai masu tsanantawa su sauko giram 20 zuwa 50, amma ni da nake girka wa gidan mutum takwas ba zan iya wannan ba, kuma ba ta nemi in yi ba. Magani na nan yadda aka rubuta shi. Zan riƙa rubuta abin da na ci, abin da na'urar gwajin sukari ta nuna, da abin da na kashe.

Asabar, 27 ga Janairu

Tukunya biyu ba za ta yiwu a gidan nan ba, ga tsadar gas ga ta gawayi. Don haka abin da aka dafa shi nake ci, sai dai na juya kwanon: da tuwo ne mai yawa miya ta raka shi, yanzu miya ce mai yawa, tuwo kwatan malmala. Miyar kuka, kuɓewa ɗanya, karkashi, taushe da alayyafo, duk na ƙara musu kauri, na ƙara daddawa da busasshen kifi. Da safe ƙwai biyu da kabeji da albasa, shayi ba sukari. Da rana kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, ko awara da yaji.

Kwanakin farko na sha ciwon kai da kasala. Idan mutum ya rage sitaci, jiki kan zubar da ruwa da gishiri ta fitsari, shi ne ke kawo wannan. Yawan shan ruwa da romo ya kawar da shi.

Na sayi na'urar gwaji, ina aunawa awa biyu bayan cin abinci. Babu malamin da ya koya mini abin da wannan ƙaramar aba ta koya mini. Koko da ƙosai ya kai ni 214. Ƙwai da kabeji, 126. Alala da miyar ganye, 141. Ɗanwake ya haura 190, kuma dalilin a bayyane yake, garin rogo ko fulawar da ake haɗawa da waken ne ke rinjaya. Fura da nono ta yi sama ƙwarai, kindirmo zalla kuwa bai motsa komai ba sai kaɗan. Waɗannan alkaluman jikina ne, na wata na iya bambanta. Sai dai tsinken gwajin tsada gare shi, dole in zaɓi abincin da zan gwada, ba kowane ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ranar Litinin mutanen Minna suka tare hanya saboda tsadar abinci, mata ne a gaba. A nan Kano ma mata masu gurasa sun fito kan farashin fulawa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun bara, aka kuma saki naira a watan Yuni, babu kwanon da ya tsaya a farashinsa. Ka sayi abu da safe, da yamma mai shago ya ce ya ƙara.

Na je Dawanau sayen waken suya, don na ga gara in riƙa yin awarata da kaina da in riƙa saye a bakin titi inda ake maimaita mai har ya yi baƙi. A jiƙa, a kai markaɗe, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya kama, a matse. Aiki ne, amma kwano ɗaya yana ba ni abincin rana na kwanaki, yara ma suna ci. A duk abin da ke gina jiki ba tare da ɗaga sukari ba, ban ga mai arhar awara ba.

Wata abokiyar aikina da ta shekara da ciwon ta kawo mini garin alkama a leda, ta ce, "Malama, ki bar masara ki koma wannan, shi ne tuwon masu sukari." Da zuciya ɗaya ta kawo, na kuma gode mata. Amma wannan magana da ta game gari tana cutar da mutane. Alkama hatsi ce, sitacinta bai gaza na masara da wani abin kirki ba. Haka acca, wadda ake sayar wa masu ciwon da tsada kamar magani. Dusar da ke jikin hatsin da ba a surfa ba tana ɗan rage saurin hawan sukari, wannan gaskiya ne, amma wanda ya cinye malmala biyu na tuwon alkama ya ci sitacin malmala biyu. Na gwada rabin malmala, na'ura ta ba ni 188. Mutum ya kashe kuɗin da ba shi da shi, ya ci ya ƙoshi da kwanciyar hankali, ciwon kuma yana ci gaba da aikinsa. Na nuna mata lambar, ta yi shiru, ta ce za ta gwada nata.

Lahadi, 3 ga Maris

Azumi ya matso, na koma wurin likita. Ta duba littafin awona ta ce zan iya yi, tunda metformin kaɗai nake sha, shi kuma da wuya ya faɗar da sukari ƙasa da kima. Masu allurar insulin da masu shan irin su glibenclamide su ne ke cikin haɗari, bai kamata su ɗauki azumi ba sai likita ya gyara musu awon maganin. Ta mayar mini da shan maganin lokacin buɗe-baki da sahur.

Sharuɗɗan da ta kafa: in auna da hantsi da la'asar. Idan ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko na ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi, in karya nan take ko da saura minti goma a sha ruwa. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce ɗigon jinin da ake tsatsa a yatsa ba ya karya azumi, kuma marar lafiya Allah da kansa ya yi masa rangwame.

Nauyi: kilo 85.

Laraba, 20 ga Maris

Mun ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga wata. Zafin bana ba a magana.

Teburin buɗe-bakinmu, idan mutum ya dube shi da idon mai ciwon sukari, abin tsoro ne. Kunun tsamiya da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da doya, lemo, kankana, sannan bayan tarawihi a zauna wa shinkafa. Ciki ya wuni babu komai, sai a juye masa wannan duka cikin rabin awa. Ni yanzu dabino ɗaya da ruwa, in yi sallah, sannan farfesun kifi ko na kayan ciki idan an samu, da ƙosai uku da salak mai yawa. Dabino sunna ne, ban bar shi ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, ɗaya ya isa a cika sunna. Da sahur ƙwai ko awara, kindirmo, da ɗan wake. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yunwar la'asar ta ragu a kan ta shekarun baya da nake cika ciki da tuwo da asuba.

Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari da na'a-na'a, ba sukari. Harshe ya saba har na fara jin ɗanɗanon zoɓon kansa. Na ɗauki kwalbar Coca-Cola ta 50cl na karanta jikinta a gaban yarana: giram 10.6 na sukari a kowace mililita 100, wato giram 53 a kwalba guda, kusan ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, in so samu ne ma 25. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini har da ƙari. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun Dokar Kuɗi ta 2021. Naira 10 a yau ko ledar ruwa ba ta saya, ba za ta hana kowa sha ba. Da a ce kuɗin da ake tarawa ana zuba shi wajen sauko da farashin tsinken gwaji da insulin, da na ce an yi abin kai.

An buɗe iyakar Nijar a makon jiya bayan watannin da ta yi a rufe tun juyin mulkin Yulin bara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun yi waya suna murna. Allah ya sa a ga sauƙi a kasuwa.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Allah ya karɓi ibadunmu.

Yawon Sallah ya fi azumin wuya. Kowane gida ka shiga sai an dire maka tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, cincin, dubulan, alkaki, ga lemo mai sanyi. Ƙin cin abincin mutane a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. A gidan surukata, Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuwa lafiya? Duk kin zube. Ko wani abu ke damunki a gidan?" Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Hajiya, likita ce ta ce in rage tuwo saboda sukari." Ta ce, "Tuwon ma? To me ya rage a duniya?" Sai ta sa aka zubo mini miyar da nama a kwano daban, ta zauna tana kallo har na cinye. Da za mu tafi ta ƙulla mini busasshiyar kuɓewa da kuka a leda.

Tambayarta ta tsaya mini a rai. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama alamar wahala. Mace ta rage nauyi, kafin a yi mata barka an fara zargin mijinta. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in faɗi sunan ciwon kai tsaye. Da na ce "sukari", sai tayin ya koma addu'a.

Talata, 30 ga Afrilu

Gwajin wata uku: 6.7, daga 7.6. Nauyi kilo 82, ƙugu 97. Awon safe yana yawo tsakanin 110 da 120. Alhamdu lillahi. Likita ta bar maganin yadda yake.

Na tambaye ta ko ana rabuwa da ciwon. Ta ce ba a cewa an warke, amma yana iya lafawa har a ajiye magani. Ta ba ni labarin binciken da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2017: cikin waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya dawo ƙasa da ma'aunin ciwon bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Su ba sitaci kaɗai suka rage ba, abincin gaba ɗaya aka taƙaita musu. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kitsen da ke taruwa a hanta da cikin ciki shi ne tushen matsalar, rage sitaci kuwa hanya ce ta sauke shi wadda ni ta fi mini sauƙin bi, don ba na kwana da yunwa.

Na fara zagaye tsakar gida na minti goma sha biyar bayan abincin dare. Ranar da na yi, awon yakan fi na ranar da ban yi ba sauƙi.

Asabar, 8 ga Yuni

Tumatir ya gagari talaka. Tsutsar nan da manoman Kura da Kadawa ke kuka da ita ta cinye gonaki, ga kuma lokacin noman rani ya wuce. A kasuwar 'Yankaba ana ƙirga maka shi ɗai-ɗai. Attaruhu da tattasai ma haka. Salak ɗina ya koma gurji da albasa da yalo.

Amma damina ta faɗi, ganye ya fara fitowa, kuma a nan ne mai rage sitaci a ƙasar Hausa yake da gata. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo, alayyafo, ɗinkin, duk abincin kakanninmu ne da muka mayar abincin marasa hali. Na shuka zogale a bayan ɗaki, rama da alayyafo a buhunan siminti. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa yana riƙe ni daga azahar har magariba. Sai dai a kula da ƙuli-ƙulin kasuwa, wasu suna sa masa sukari, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta. Ni ina tsince gyaɗata in kai a yi mini.

Laraba, 19 ga Yuni

Babbar Sallah ranar Lahadi. Bana gidaje da yawa a layinmu ba su yi layya ba, wasu sun haɗa kuɗi sun yi watanda. Mu Allah ya hore mana ɗan rago.

Wannan ce Sallar da ba ta ba ni wahala ba, nama ba ya ɗaga sukari. Amma ban sake jiki da soyayyen da ke kwance cikin kitse ba, don likita ta ce wasu idan suka rage sitaci suka ƙara kitsen dabba, kitsen jininsu mai toshe jijiya yakan hau, za ta auna nawa a gwaji na gaba. Gashi da farfesu na fi yi. Na yi dambun nama na ajiye.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ranar Alhamis aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa. A Kano abin ya rikice tun ranar farko, aka fasa wurare, aka rasa rayuka, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24. Muna gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, yawancinsu matasa ne.

Zaman nan ya sa na yi ta juya wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yuni. A ƙarshen Yuli aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da ba ya sayen buhun shinkafa. A irin wannan hali ni ina zaune ina lissafin yadda zan rage tuwo, maƙwabciyata tana lissafin yadda za ta samu tuwon. Wannan maƙwabciyar tawa ita ma tana da ciwon sukari. Mijinta ɗan adaidaita ne. Abin da suke ci garin kwaki ne da rana, tuwon masara da dare in an samu, don sitaci shi ne abu mafi arha da ke cika ciki. Idan na ce mata ta ci ƙwai da kifi, na yi mata ba'a. Maganin ma ta fara tsallake kwana saboda kuɗinsa ya ninka.

Duk wanda ke ba da shawarar rage sitaci a ƙasar nan bai yi maganar kuɗi ba, rabin magana ya yi. Yawancin abin da ake yaɗawa a waya game da wannan tsari daga Amurka da Turai ya zo, da cukwi da naman sa da garin almon, abincin masu firji da wuta. Wanda ya kwafo shi haka ya kawo wa matar ɗan adaidaita bai taimake ta ba.

Abin da muka zauna muka tsara da ita: garin kwaki ya fita, wake ya shiga madadinsa, don wake ko da yake yana da sitaci, a hankali yake hawa jini kuma yana riƙe ciki. Tuwo rabi, miyar ganye ninki biyu. Ganyen daga bayan ɗakina. Ranar da na yi awara da rabonta. Lemo da shayi mai sukari a bar su, wannan ma ajiyar kuɗi ce. Ba giram 130 ba ne, ba ma kusa ba, amma ya fi inda take. Na auna ta da na'urata kafin mu fara, zan sake aunawa bayan wata guda.

Gwamnati ta ce ta janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Ban ga alamarsa a kwano ba tukuna.

Asabar, 14 ga Satumba

Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar Talata, ruwa ya shanye Maiduguri. Hotunan da ke zuwa ba su kalluwa. Ban da gidaje da dukiya, na yi ta tunanin masu sukari da hawan jini da suka fito da kayan jikinsu kawai, magani ya tafi da ruwa. Mai allurar insulin, musamman yaro mai nau'i na ɗaya, kwanaki kaɗan ba allura na iya kai shi kabari. A makarantarmu ana tara gudummawar tufafi da hatsi, na roƙi a ware wani abu a ba ma'aikatan lafiya su sayi magani.

Nauyina ya tsaya a 79 tun Yuli, ba gaba ba baya. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake zargi, kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kuma hannu ba ya gajiya da ɗiba. Na koma auna ta da ƙaramin kofi. Awon maƙwabciyata na safe ya sauko daga 230 zuwa 180. Da saura, amma ta ce fitsarin dare ya ragu, tana samun barci.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan mako guda ke nan Arewa na cikin duhu. An lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, wanda ake taƙama da shi ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi. Ga fetur ya haura naira dubu, janareta sai mai hali. Ƙanƙara ta zama abin nema, masu niƙa sun ƙara kuɗi.

Tsarin abincina ya ji jiki, don awara da kindirmo da kifi ɗanye ba sa kwana ba sanyi. Shinkafa da taliya kuwa ba ruwansu da firji. Na koma busasshen kifi, dafaffen ƙwai, ganyen da na shanya da damina, da awara 'yar kaɗan ta yini ɗaya.

Yayana da ke allurar insulin ya kira hankalinsa a tashe. Insulin ɗin da ba a buɗe ba ana so ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi yana iya yin kamar mako huɗu a ɗaki idan zafi bai yi yawa ba. Na ce, "Yaya, ka tuna tukunya cikin tukunya?" A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan yana tsotsewa yana tafiya da zafin. Malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar a ƙauyuka don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ba ta kai firji ba, amma a busasshiyar iska irin tamu tana sauke zafi ƙwarai. Ya nannaɗe kwalaben a leda kada ruwa ya taɓa su, ya sa a ciki. Ni ma na haɗa tawa, kabeji da gurji suna ciki.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shekaranjiya, 14 ga wata, aka yi Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921. Na nemi izinin shugabar makarantarmu na yi wa malamai bayani a ɗakin hutu, na auna duk wanda ya yarda. Mutum biyu awonsu ya yi sama sosai, kuma babu wanda ya taɓa gwadawa a cikinsu. Na ce su je asibiti a tabbatar, na'urar gida ba ta yanke hukunci.

Nawa sakamakon: na wata uku 6.1, nauyi kilo 77, ƙugu 90. Kitsen jini ya ɗan hau amma bai fita ma'auni ba, ƙoda lafiya. Likita ta rage metformin zuwa sau ɗaya a rana, ta ce mu ga abin da watan Fabrairu zai nuna kafin a yi maganar ajiyewa. Ta duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu, ta rubuta mini takardar zuwa a duba bayan ido, wanda ake so mai ciwon ya yi duk shekara ko da yana gani garau. Ranar Talata zan je, kuma na shawo kan maƙwabciyata mu tafi tare, mijinta zai kai mu.

Kaka ta yi, sabon wake da gyaɗa da waken suya sun shigo Dawanau, farashi ya ɗan sassauta. Ni da malamai huɗu mun haɗa kuɗi za mu sayi buhun waken suya da na wake mu raba, kafin 'yan ajiya su kwashe. Sanyi na tafe da kabeji da latas da karas masu arha, zan shanya kabeji in ga ko zai yi miya a bazara. Azumin baɗi zai kama farkon Maris, ina so ƙugun ya sauko 85 kafin nan.